Yadda Na Je Neman Jan Launi Na Dawo da Jar Riga

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in ɗauki biro. Tun da na dawo daga tafiyar nan, duk inda na zauna, ko teburin mai shayi na bakin tasha ko dakalin masallacin unguwarmu, sai an ce, "Sama'ila, ba mu labarin jar riga." Na ba da shi har ya fara sauya kama a bakin mutane. Wani ya ce harbina aka yi, wani ya ce har Maraɗi na kai. Ba ko ɗaya. Abin da ya hana ni rubutawa shi ne, ni a aji shida na firamare na tsaya, kuma aikina masinja ne a wata makarantar firamare a Ƙaura Namoda: in kaɗa ƙararrawa, in kai takarda, in share ofis. Ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba a kan wani bawan Allah, gobe ƙiyama a tsayar da ni. Sau uku ina farawa ina yagewa. Daga baya na ga ƙarin gishirin da ake yi wa labarin ya fi kuskuren rubutuna nauyi, shi ya sa na zauna. Inda na manta zan ce na manta.

Laifina ne ya jawo tafiyar, don haka da shi zan fara.

A makarantarmu akwai darasin zane-zane, sau ɗaya a mako. Mai koyar da shi Malama Rifkatu ce, Kirista, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a Ƙaura har Hausarta ta koma irin tamu. Wata rana ta sa 'yan aji biyar suka zana abin da ke cikin littafin darasi: manomi da fartanya, akuya, zakara. Ta ba ni takardun ta ce in adana. Da na ga sun yi kyau, musamman zakaran da 'yata Nana ta zana, sai na ce bari in manna su a bango, tunda washegari akwai taron iyaye da malamai. Na zaɓi bangon da ya fi tsabta, na bayan ofis, inda inuwar dalbejiya take. Ni da nake duba kwaɗon ofis sau uku kafin in tafi gida, ban tuna ba sam cewa nan ake shimfiɗa tabarmi in Azahar ta yi, kuma duk mai sallah a wurin wannan bangon yake fuskanta.

Alhaji Maiwada, shugaban iyayen yara, shi ya ja sallar. Ya ɗago daga ruku'u ya haɗa ido da zakaran Nana. Da ya sallame bai ko shafa addu'a ba ya juyo.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

A taron Alhaji ya kawo ƙorafi biyu. Na farko, ana koya wa ɗiyansu zanen abu mai rai. Na biyu, kowane zango sai an aiko a sayo fenti da takardar kanti, iyaye kuwa da yawansu ba su ma iya zuwa gonakinsu na nesa. Ya ce a soke darasin a ƙara wa lissafi lokacin. Hedimasta ya roƙi arziki aka ba da mako uku, zuwa taron ƙarshen zango. In Malama ta nuna darussan da ba mai rai a ciki, kuma ba kayan kanti, a bar shi. In ba haka ba a soke. Kowa kuma ya san in aka soke, Malama ba ta da aji, sai dai a tura ta wani wuri.

Na sami Malama a aji na yi ta ba ta haƙuri.

"Baba Sama'ila, ya isa haka, zauna mu yi lissafi," in ji ta. "Baƙi muna da shi, tawada ce. Fari, farar ƙasa. Rawaya, gangamau na nan a kasuwa. Ja ne ya gagare ni. Na jiƙa karan dafi irin na dukawa, ya fito kamar ruwan shayin da aka tafasa sau biyu. Kuma zanen da na sani na garinmu ne. Ina son na nan, wanda in uba ya gani zai ce na gidansu ne."

Ita ba ta da halin barin aji, maigidanta kuma ba zai yarda ta hau hanyar Shinkafi, inda dukawa suke, ba, saboda 'yan bindiga. Sai na ji bakina ya ce, "Ni zan je." Na so in janye maganar, amma ta riga ta ciro littafi tana rubuta mini tambayoyi.

Matata Balki da ta ji, dariya ta yi har ta ajiye muciya.

"Malam, kai da ba ka zuwa bayan gari sai ka tambayi mutum uku ko lafiya?"

Na shirya kwalabe uku, da littafin Malama, da takardar shaida daga Hedimasta mai hatimi. Na yi mata kwafi biyu, ɗaya a aljihu, ɗaya a cikin hula. Na ɗauko farar rigata ta Juma'a don a ɗauke ni da daraja.

"Neman launi za ka da farar riga?" in ji Balki.

Na ce a kwalba zan zubo shi, ba a jiki ba.

Ranar Laraba da hantsi na isa tasha. Wanda bai saba ba zai yi mamaki: mota ta cika, amma ba a tashi, sai motocin Shinkafi sun fara shigowa an ji daga bakinsu hanya lafiya. Direbanmu sunansa Buba, siriri, mai yawan tsokana. Na tambaye shi hanya sau ɗaya a tasha, sau ɗaya da muka fita gari, sau ɗaya da muka wuce wata gona da ba a nome ba.

"Baba," in ji shi, "in ka sake tambayata, but ɗin mota zan sa ka, ku yi hira da buhun gero."

A shingen farko wani soja ɗan kudu ya ga kwalabe a jakata ya tambayi na mene ne. Na fara masa bayani tun daga zakara. Ina kaiwa ruku'un Alhaji ya fashe da dariya, ya buga saman mota ya ce mu wuce. Takardata mai hatimi ko kallonta bai yi ba, abin ya ɗan sosa mini rai.

Dab da Badarawa taya ta yi faci, safayar kuma ba iska. Muka tura motar zuwa bakin gari. Ni dai idona na kan daji, duk kukar da na hango sai in ga kamar mutum ne a bayanta. Ina cikin haka wata tsohuwa mai fura ta ce, "Ɗana, zamna ka sha, tsayuwarka ba ta gyara taya." Sunanta Inna Tumba. Na karɓi ƙwaryar, sai na kasa sha, don bayanta duk zane ne, layi a kan layi, an ƙona shi da wuƙa mai zafi. Ta ce ita ke yi, kuma kowane zane da sunansa. Ta bi su da yatsa: tsani, sarƙa, igiyar ruwa, ƙafar kaza.

Na ce, "Inna, ƙafar kaza ba ta shiga cikin mai rai ba?"

"Sawu ne, ɗana. Ka taɓa ganin sawu na numfashi?"

Na gaya mata abin da ke tafe da ni, na nemi izinin kwafa a littafi. Ta ce in kwafa, ita ma a gun kakarta ta gani. Amma ta ja mini kunne kada a ba yara wuƙa mai zafi. A tara musu sakaina, wadda ba gidan da babu ita, a shafe bayanta da gawayi da ɗan mai, su karce da ƙusa, farin ya fito. Ta yi mini ɗaya nan take, ta ƙara da dunƙulen hoce biyu na guzuri. Da aka gama faci har na ji ba na son tashi. Wannan shi ne darasi na farko, kuma ƙusar da ta huda tayar Buba ce ta ba mu shi.

A Shinkafi na sauka gidan Kawu Haruna, ƙanen mahaifiyata, aka shimfiɗa mini a zaure. Tuwon gidansa ba laifi, amma furarsu ta fi tamu yaji nesa, kuma suna dama ta da kauri har ludayi ya tsaya. Kawu ya ce mu mutanen Ƙaura tun zamanin jirgin ƙasa muka koyi tsinka fura don ta ishi baƙi. Na shanye furata, don a gidansa nake.

Alhamis kasuwa ta ci. Na ratsa ta kara, inda ake sayar da dabbobi, na wuce masu kanwa da masu tabarmi, har na kai rumfunan dukawa. Kowa ya nuna mini rumfa ɗaya, ta Baba Ɗanjimma, tsoho mai farin gemu da jajayen tafukan hannu. Fatun da ya rataya ja ne irin wanda ido ba ya gajiya da kallo. A nan na yi wauta ta biyu. Don tsoron kada in manta tambayoyin, ina yin sallama na zaro littafi da biro na ce, "Baba, yaya kuke haɗa jan nan?"

Ya dube ni, ya dubi biron.

"Ko gaisawa ba mu gama ba. Kai daga wane ofis?"

Na mayar da littafin, na durƙusa, muka gaisa yadda ya kamata, na ba shi labari duka. Ya yi dariyar zakara kamar yadda kowa ke yi, amma da na koma kan tambayata sai ya girgiza kai.

"Wanga abu gado ne. Ni kaina sai da na yi shekaru ina wanke fata kafin ubana ya bari in ga yadda ake haɗawa. Ba a faɗin shi a kasuwa. Amma kawo kwalbarka in cika maka, don ɗiyan makaranta."

Ya jawo ƙaramin turmi da wasu ƙwarya biyu a rufe, nan cikin rumfar, taku uku daga inda nake. Na ga in na ci gaba da zama haka, komai zan gani. Sai na juya na fuskanci zana. Da ya fara daka na ga ai kunne ma na iya sata, sai na toshe kunnuwana da yatsu. Ban san tsawon lokacin da na yi haka ba. Na dai ji an taɓa kafaɗata, na juyo na tarar dukawan rumfunan kusa sun taru suna dariya.

"Mi kake yi?" in ji Baba Ɗanjimma.

"Ka ce gado ne."

Shi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini kwalbar, ya toshe bakinta da totuwa da leda. Ya tambaye ni ranar taron da sunan unguwar da makarantar take. Na ɗauka hira ce kawai.

Da na gaya wa Kawu sauran abin da nake nema, ya ce akwai wani malamin makaranta daga tsallaken iyaka da ya zo ganin surukansa a Jangeru. Safiyar Juma'a ya goya ni a babur. Ni ban taɓa matsawa kusa da iyaka haka ba, kuma an ce mini a wajen nan ba katanga ba alama, sai mutum ya shiga wata ƙasa bai sani ba. Duk gonar da muka wuce sai in ce, "Kawu, har yanzu muna Nijeriya?"

"In mun fita za ka ji," in ji shi, "geron zai fara Faransanci."

Malamin sunansa Idrisa. Hausarsa tamu ce, sai dai makaranta lakwal yake ce mata, littafin rubutu kuma kaye. Ya ba mu burodi dogo kamar sanda, mai tauri, da shayi a ɗan mitsitsin kofi har zagaye uku. Na shanye na farko na yi godiya na miƙe, ashe tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Kawu ya jawo ni ta gefen riga na koma na zauna.

Malam Idrisa ya ce su ma ba su da takarda, don haka ƙasa ce takardarsu ta farko. A share fili, a baje rairayi, a ja wa kowane yaro murabba'insa, ya yi zane da yatsa. In an gama duk aji su zaga su duba na juna, a shafe, a sake. Sai wanda hannunsa ya faɗa za a ba takardar buhun siminti. Ya nuna mini yadda ake tauna bakin asuwaki ya zama buroshi, da yadda ake shafa wa ganye launi a danna a takarda, jijiyoyinsa su fito. Ya ce kowane launi a sa masa ɗan ruwan ƙaro, in ba haka ba yana bushewa zai kakkaɓe. Na cika shafi huɗu. Muka dawo Shinkafi muka sami Juma'a, ban kuma taka ƙasar kowa ba, na tabbatar da wannan wajen mutum biyu.

Asabar da safe na nufi Zurmi, inda aka yi mini kwatancen wata maginiyar tukwane, Iya Ige. Na tarar da ita a tsakar gida da jikokinta mata, hannu duk yumɓu. Ba ta da lokacin dogon bayani. Ta ce in naɗe hannun riga in kwaɓa. Na gina wani abu da na yi niyyar ya zama kasko, ya zauna ya baje kamar waina. Jikokin suka yi ta ƙyalƙyala.

"Da kai za a koya wa ɗiyan?" in ji ta. "To Allah shi taimaki ɗiyan."

Amma ta nuna mini abin da na zo nema. Ta mirgina totuwar masara a jikin ɗanyar tukunya, sai ga zane ya zagaye ta kamar saƙa. Ta mirgina igiya murɗaɗɗiya, wani zanen daban ya fito. Ta ce yara su gina rumbu, da murhu, da asusu, da ƙaramin masallaci, ba sai doki ba. Ta cika mini leda da yumɓu, ta ba ni ɗanwake na ci a tsaye, don ina son in kama hanya kafin La'asar. Bayan La'asar ba direban da ke tashi.

A tashar Zurmi sai ga Buba, ya kawo lodi zai koma Ƙaura. Na ji daɗi kamar na ga ɗan'uwa. Na zauna a baya, jakata a ƙirji, kwalbar ja a ciki, rigata fara tas duk da yumɓun Iya Ige, har ina shirya abin da zan gaya wa Balki.

Mun yi nisa, a wata kwana mai duhuwar itatuwa, Buba ya taka burki da ƙarfi. Wani a gaba ya ce, "Ga su nan!" Kowa ya duƙa. Ni na rungume jaka na kife a kanta iya ƙarfina. Na ji wani abu ya yi ɗas, sannan na ji ɗumi yana bin ƙirjina. Matar da ke kusa da ni ta ɗago ta dube ni ta kurma ihu.

"Sun harbe shi! Wayyo, sun harbe tsohon!"

Na duba, na ga ja tun daga wuya har cinya. Na yi kalmar shahada. Na ce, "Buba, ka gaya wa Malama Rifkatu ta yafe mini, littafin na cikin jaka."

Ashe shanu ne suka fito daga daji suna tsallaka titi, da wani dattijon Bafulatani a bayansu yana ɗaga mana sanda. Buba ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya dangwali rigata ya shinshina.

"Baba, tashi. Jininka warin toka yake."

Motar ta kaure da dariya, har matar da ta yi ihu. Ni kuwa abu biyu suka taru suka danne ni. Jan ya zube, ko cokali bai rage ba. Sannan ga shi na ji abin da na toshe kunne don kada in ji: akwai toka a ciki.

Yadda na ratsa tashar Ƙaura a haka, da yadda Balki ta saki tulu da ta gan ni a ƙofar gida, wannan kowa ya riga ya ji, kuma a nan ne masu ƙarin gishiri suka sami abin yi. Da ta tabbata lafiyata lau, abin da ta ce kawai shi ne, "A kwalba, ko?"

Washegari na koma tasha na ba Buba saƙo ya kai wa Baba Ɗanjimma. Na sa ya maimaita sau biyu: jan ya zube, kuma ba da nufi ba na san akwai toka a ciki, ban gaya wa kowa ba, ba zan gaya ba, ya yafe mini. Buba ya ce tunda yake tuƙi bai taɓa ɗaukar kaya marar nauyi irin wannan ba.

Mako biyun da suka rage Malama da yara suka duƙufa. Aka tara sakaina, aka baje rairayi, aka yanka buhunan siminti, aka gina rumbuna. Ja ne dai babu. Malama ta gwada zoɓo, yana bushewa ya koma toka-toka. Ta tsare ni a bakin ofis.

"Baba Sama'ila, kana rumfar aka haɗa, ka ce ba ka ga komai ba?"

"Ban gani ba, Malama. Abu ɗaya na sani, shi ma ba nawa ba ne."

"Aikina ne fa zai tafi."

"Na sani."

Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Ban ga laifinta ba, kuma abinci bai yi mini daɗi ba a kwanakin.

Ranar taro muka jera kayan a bangon yamma. Sau uku ina tambayar ladanin unguwarmu ko ya tabbata yamma ce. Iyaye suka cika harabar. Alhaji Maiwada ya bi layin, hannu a baya. Ya ɗaga sakaina ya ajiye, ya leƙa cikin wani rumbun yumɓu.

"Ba mai rai, na yarda. Ba kayan kanti, na yarda. Amma Hedimasta, wanga ai wasan ƙasa ne. Shi za a hana lissafi lokaci dominsa?"

Wasu iyaye suka gyaɗa kai. Na dubi Malama, na ga ta sunkuyar da kai tana murza alli a hannu.

Sai ga ɗan kabu-kabu ya shigo har tsakiyar fili. A bayansa wani tsoho ne rungume da ƙaramin turmi, da damin karan dafi a kafaɗa. Baba Ɗanjimma. Ya sauka ya yi sallama, ya ce, "Ina mai toshe kunne?"

Aka nuna ni.

"Saƙonka ya iso. Ɗiyana biyu, ɗaya na haya da babur, ɗaya na cajin waya, ba mai son sana'ar. Na yi ta tunanin wa zan bar ma abin nan. Mai leƙe ba ni ba shi. Amma wanda ya aiko tun daga Ƙaura neman gafarar warin toka, shi kam ina ba shi, ya ba wanda ya ga dama. Ku tara mini yaran."

Ya zauna a tabarma yara suka kewaye shi. Da ya ɗaga taɓarya, wallahi ban san lokacin da na fara juyawa ba.

"Juyo nan!" in ji shi. "Kai na zo koya ma."

Ya ce in rubuta, don haka ga shi da izininsa. A ɓare jan ɓawon da ke jikin karan dafi, a daka shi ya yi laushi. A jiƙa tokar kara a tace, ruwan tokar nan shi za a zuba, ba ruwan randa ba, kaɗan-kaɗan ana motsawa. Na takarda a ƙara ruwan ƙaro. Yana zuba ruwan tokar, abin da ke cikin ƙwaryar ya tashi daga ruwan ƙasa ya koma ja wur a gaban idonmu. Yara suka sa ihu. Malama Rifkatu ta dafe baki.

Ta raba takardun siminti da alƙaluman kara. Nana ta fara ja wa takardarta iyaka, layin ja a cikin layin baƙi, tana saka sarƙar Inna Tumba a tsakani. Alhaji na tsaye a kanta. Na ga yana motsa baki, yana karkata kai, har dai ya kasa daurewa.

"Ke, ba haka ake karya kusurwa ba. Kawo."

Ya tattare babbar riga ya durƙusa. Ya tsoma alƙalami, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe ba ko rawa, ya karya shi, ya saƙa shi cikin na baƙin. Wani tsoho a bayana ya ce, "Af, kun manta? Da ƙuruciya ai duk allon saukar unguwar nan shi ke yi ma zayyana." Yara suka bar nasu suka taru a kansa. Yana yi yana faɗa: a fara daga tsakiya, a auna da zare, kada a cika tawada a baki.

Hedimasta ya bari ya yi nisa, sannan ya matso ya yi gyaran murya.

"Alhaji, iyaye na jira. A soke darasin ko a bari?"

Alhaji bai ɗago ba.

"Ku dakata in gama wanga layi. Ɗanjimma, ƙaro mini jan nan."

Ba a sake tayar da maganar ba. Darasin na nan ranar Talata, Malama na nan, kuma Alhaji kan zo sau ɗaya a wata ya koyar da zayyana, yana yi yana faɗan yaran yanzu ba su da haƙuri. Rigata kuwa Balki ta wanke ta sau huɗu, jan ko gezau. Malama ta roƙe ni ita ta rataya a aji, duk yaron da ya tambaya ko launin gida na kamawa sai ta nuna masa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne dalilina na biyu na yin wannan rubutu. Ba mu da kore. Mun daka ganyen zogale, kwana uku ya koma ruwan ƙasa. Mun haɗa shuni da gangamau, ya fito kamar ruwan kwata. Yara na son zana gonar gero da damina, ba hali. Don Allah duk wanda ya san yadda ake samun koren da ba ya kodewa, daga ganye ne ko dutse ko saiwa, ya aiko ta hannun Buba direba a tashar Shinkafi da ke Ƙaura, ya ce a ba masinja mai jar riga. A faɗi abin da ake haɗawa, da yawansa, da ko yana da illa in yaro ya kai baki, don 'yan aji uku komai sai sun lasa. In kuma gadon wani ne, a fara tambayar mai shi tukuna. In bai yarda ba a bar shi, za mu ci gaba da jira.